Raƙumi Ba Ya Shan Ruwa a Hanya

Shekara talatin da huɗu mijina yana tuƙa motar gida ɗaya, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ya kurɓi ruwa da safen ranar tafiya ba. Ko shayi na haɗa masa sai ya ture kofin, ya ce direban kirki da busasshen ciki yake hawa kujera. Dokarsa ke nan, dokar tsofaffin abokan aikinsa kuma: in ba ka sha ba, ba za ka tsaya ba, in ba ka tsaya ba, mai mota ba zai tuna cewa kai ma mutum ne mai mafitsara ba. Saboda haka ne marigayi mai kamfanin ya laƙaba masa suna Raƙumi, sunan ya bi shi har ya danne na gaskiyar. A gareji Raƙumi, a unguwa Baba Raƙumi, ni kaina in raha ta motsa haka nake kiransa. Ba zan yi ƙarya ba, na yi taƙama da sunan nan. Yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Kamfanin na fasa dutse ne. Ofis yana cikin gari, ramin dutsen kuwa yana can bayan duniya, tafiyar awa huɗu. Awa biyun farko kwalta ce, daga nan ta ƙare, a shiga gargada da mararraba goma sha uku waɗanda babu allo a kan ko ɗaya. Manyan motocin dakon dutse suna da tasu hanyar mai zagaye, wuni guda suke kashewa a kanta. Gajeriyar nan ta ƙaramar mota mijina ne ya ƙulla ta da kansa, guntu-guntu, tun zamanin Marigayi. Ya san inda ake barin hanya a bi ta bayan wata rusasshiyar makaranta, ya san rafin da ake tsallakawa ta sama da wanda ake tsallakawa ta ƙasa. Yakan ce min muddin hanyar nan tana cikin kansa, makullin motar yana cikin aljihunsa.

Da Marigayi ya rasu ɗansa ya hau kujerar. Wannan ɗa, mijina ne ya kai shi makaranta ranar farko, shi ya goge masa majina a bakin ƙofar aji. Yanzu yana kiransa Yallaɓai, shi kuma yana kiransa Baba, amma irin Baban nan da ake ce wa tsohon da ya tare hanya a kasuwa. Ni dai Ɗan Marigayi nake kiransa, don ban ga wani abin da ya mallaka da ya wuce haka ba.

Ciwon ya daɗe yana lallaɓowa. Mijina ya shiga bayi ya daɗe, ina tsakar gida ina jin ɗis, ɗis, shiru, ɗis. Ya fito, bai gama ɗaure tazuge ba ya sake komawa. Ko bai sha komai ba abin yana kama shi, ga matsi ga rashin fita. Shekara uku ina binsa da zancen asibiti yana min kunnen uwar shegu. Abin da ban iya ba cikin shekara uku, kalma biyar suka yi shi cikin wuni ɗaya. Sun ɗauko baƙi biyu masu son sayen dutse, mijina ya gangara gefen hanya ya kashe mota, yana shirin fita da butarsa, sai Ɗan Marigayi ya dubi agogo ya ce: “Baba, na bakwai ke nan.” Baƙin suka yi dariya. Ranar bai ci abinci ba, washegari kuwa shi ya riga ni shirin asibiti.

Likita ya yi mana zane a bayan takarda. Ya ce akwai wani nama a wuyan mafitsarar maza, furostet suke ce masa, yana girma da tsufa har ya shaƙe hanyar fitsari. Ya ce yanzu ba sai an yanka ciki ba, ta hanyar fitsarin za a zura wani siririn abu mai haske mai ƙuna, lesa, a rarake naman ta ciki. Na yi tambaya ta kai goma, kan allurar barci, kan jini, kan abinci. Mijina tambaya ɗaya ya yi, yaushe zai koma tuƙi.

Aikin ya yi kyau, wannan kam ba a ce komai ba. Kwana biyu ya yi da robar fitsari, jakarta a rataye a ƙafar gado, ruwan cikinta kalar wanda aka wanke nama a ciki, yana washewa sannu a hankali. Ranar da aka cire robar ya shiga bayi ya fito idanunsa jajur, ya ce kamar an zuba masa barkono, amma fa ya fita, ya fita da ƙarfi. Har murmushi ya yi. Nas ɗin da ta sallame mu wata ƙatuwar mace ce mai murya kamar ta mai sayar da kifi, ta tsaya a kansa ta lissafa masa: ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba hawa keke ko babur, ba yunƙuri a bayi, ba doguwar tafiya a mota, har sati shida. Sannan ta nuna shi da biro.

“Baba, ka ga babu ɗinki a jikinka, sai ka ɗauka ka warke. Ciki ɗanyen ciwo ne. Wajen kwana goma zuwa sati biyu ɓawon zai fara saki, in babu ruwan da zai wanke shi jini zai daskare ya toshe maka hanya. Ruwa shi ne maganinka, lita uku a wuni. Mama, ke na ba wa amanarsa.”

Na amsa da to, har da dafa ƙirji. Ofis kuwa sun ba shi hutu, sun ɗauko wani ya riƙe makullin kafin ya dawo. Haka aka gaya masa, kafin ya dawo.

Jinyar gida ba ta da zafi sosai, wulaƙancinta ne mai yawa. Ƙofar da ta shekara uku a toshe yanzu ta ƙi rufuwa. Ya yi tari, ya jiƙe. Ya tashi daga kujera, ya jiƙe. Fitsarin ya taso masa gaba ɗaya ba sallama, ya zabura, wani lokacin ya kai bayi wani lokacin a hanya. Na sayo masa audugar nan ta manya da ake sawa cikin wando, ranar farko ya jefar da ita bayan gado ya ce shi ba jariri ba ne, rana ta biyu na ga ledar ta ragu da ɗaya. Wandunansa cikin ɗaki nake shanya su a kan igiyar labule, don kada maƙwabta su riƙa ƙirgawa. Nas ta koya masa wani motsa jiki, wai ya riƙa matse ƙasansa kamar mai riƙe tusa cikin mutane, ya ƙirga biyar ya saki. Yakan zauna a ƙofar gida yana yi, fuska a ɗaure tamau, har mai shagon kusa da mu ya tambaye ni ko ya yi wa Baba wani laifi.

Ruwan kuwa yaƙi muke yi a kansa. Na samu jug na ɗaura masa zare a wuya, na ce sau uku za a cika shi zuwa zaren, sau uku za a ga gindinsa. Yana sha yana ƙunƙuni, wai an mai da raƙumi agwagwa. Amma yana sha, fitsarin kuma ya washe, sai ɗan ja-ja da safe. Abin da ya fi damuna shi ne wayarsa. Tana hannunsa ko'ina, har bakin bayi. Ya duba caji, ya duba ko ta mutu, ya sa in kira shi daga tawa don ya tabbatar tana ƙara. Kwana tara babu wanda ya kira daga ofis, ko da na sannu.

Rana ta goma da hantsi ta yi ƙara. Da ya ga sunan sai da ya miƙe tsaye kafin ya amsa, kamar mutumin yana ganinsa. Wayar tana da ƙarfin murya, na ji komai. Ɗan Marigayi ya tambayi jiki a gurguje, bai jira amsa ba ya shiga abin da ya kawo shi. Sabon direban sau biyu yana ɓata da shi a daji, jiya sai da suka juyo ba su kai ba.

“Baba, ba wanda ya san hanyar nan sai kai. Za ka iya gobe?”

“Zan iya, Yallaɓai.”

Ya ajiye wayar fuskarsa tana sheƙi, ya dube ni yana jiran in taya shi murna. Na ce masa kwana goma ke nan, kwanan da nas ta ambata da bakinta. Na ce ko wando ɗaya ba ya iya wuni da shi a bushe, ina shi ina awa takwas a kan gargada. Na ce yaron nan da ya damu da shi da ya zo ya duba shi, ko ya aiko da lemo ɗaya. Na faɗi wadda ta dace da wadda ba ta dace ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali:

“Ke ba ki san mota ba. In na ce ba zan iya ba sau ɗaya, ba za a sake tambayata ba.”

Daga azahar ɗin nan ya daina shan ruwa. Na cika jug na ajiye, na dawo na same shi cike har zaren. Na yi magana ya kurɓa ya ajiye. Na san abin da yake yi, shekara talatin da huɗu na san shi, yana busar da cikinsa ne don tafiya. Ga 'yarmu Auta can da aurenta a ƙarshen gari, ita kaɗai ce in ta tsare shi da ido yake sauke kai, kira ɗaya da ta zo ta zauna a kan takalmansa. Ban kira ta ba. Tun ranar na bakwai ɗin nan ban ga ya yi tafiya da kafaɗa a miƙe ba sai yammacin nan, har yana 'yar waƙa yana goge takalmi. Sai na ɗauko farar rigar aikinsa na goge masa ita da hannuna. Wannan gugar har gobe ba ta daina ƙona ni ba.

Da sassafe ya sa auduga biyu, ɗaya kan ɗaya. Na ba shi gorar ruwa biyu sababbi a leda, na sa shi ya yi alkawari zai shanye ɗaya a tafiya ɗaya a dawowa. Ya yi alkawarin da sauri, irin saurin da ya isa ya sa in gane. Ya fita zuwa ofis yana takawa a hankali don kada a ga yana ɗingishi.

Abin da ya faru a hanya daga baya na ji shi, daga bakinsa a gadon asibiti, guntu-guntu. Gorunan a but ɗin bayan mota ya jefa su tun kafin ya tada mota. Su biyu ne kawai, shi a gaba, Ɗan Marigayi a baya. Kan kwalta lafiya lau. Suna sauka daga kwalta sai ya ga ta madubi Ɗan Marigayi ya fito da waya ya latsa wani abu, ya ɗora ta a kan gwiwa, fuskarta a sama. Ya dubi waya, ya dubi hanya, ya sake duban waya. Ba kira yake yi ba, ba rubutu ba. Mijina ya ce a ransa, to, agogo aka kunna min, ana so a ga ko aikin asibiti ya yi amfani, ana ƙirga sau nawa zan tsaya. Ya rantse ko mafitsarar za ta fashe ba za a samu ko na ɗaya ba.

A mararraba ta biyar fitsarin ya taso. Ya matse kamar yadda nas ta koya masa, ya ƙirga biyar, bai saki ba, ya ci gaba da ƙirgawa. Kowane rami sai ya ji shi har tsakiyar kansa. A rafi na biyu, wanda ake tsallakawa ta ƙasa, motar ta faɗa kan wani dutse ta tashi, ya ji wani abu ya yage can ciki, ɗumi ya bi cinyarsa. Bai ɗaga ƙafa daga totur ba. Suka isa ramin dutsen saura minti goma awa huɗu ta cika. Ɗan Marigayi ya latsa wayar, ya gyaɗa kai ya ce ya yi daidai. Mijina ya ce jin wannan kalma ya ɗauke masa rabin zafin.

Ya zagaya bayan tulin tsakuwa. Ɗan abin da ya fita baƙi ne kamar shayin da ya daɗe a wuta, sai ja, sai wani guda kamar yankan hanta, daga nan shiru. Ya yi yunƙuri, abin da aka hana shi, shiru. Ga famfo nan kusa da rumfar ma'aikata, ruwa yana zuba. Ya je ya cika baki, ya kuskure, ya tofar. Akwai sauran awa huɗu a gabansa, kuma a saninsa agogon bai gama aiki ba.

A dawowa mararsa ta kumbura ta yi tauri. Ya kwance bel a ɓoye, ya ɓalle maɓallin wando, gumi ya jiƙa rigar da na goge. Ya ce daga kwalta zuwa gari ba ya tuna komai sai farin layin tsakiyar titi. Ƙarfe biyar saura ya tsaya a ƙofar ofis, daidai inda yake tsayawa kullum. Shekara talatin da huɗu shi ke zagayawa ya buɗe ƙofar baya, ranar ya kasa tashi. Ɗan Marigayi ya jira kaɗan, ya buɗe da kansa ya shige. Mai gadi ne ya leƙo ya gan shi kwance a kan sitiyari, kujerar ta jiƙe da jini har ƙasa. Don adalci zan faɗa, Ɗan Marigayi ya fito ya ce a kai shi asibiti maza. A bayan a-kori-kura aka kai shi, a kan kwalaye, don motar za a wuce da ita wurin wanki kafin jinin ya bushe.

Da labari ya iso ni na ruga asibiti, tun daga baranda na ji muryarsa. Mutumin da ƙofar mota ta taɓa datse masa yatsu biyu ya naɗe da tsumma ya ƙarasa tafiyarsa, shi ne yake kururuwa yana kiran uwarsa da ta shekara ashirin a ƙasa. Sun zura masa roba mai kauri, suna tura ruwa da babban sirinji suna zuƙowa, gudajin jini suna faɗowa cikin tasa ɗaya bayan ɗaya. Nas ɗin nan mai murya ce a kansa. Da ta ɗago ta gan ni ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi: “Mama, ina kike?” Na tsaya riƙe da mayafina. Auta ta iso ta yi faɗan da nas ba ta yi ba, da ni da shi duka, sannan ta miƙa hannu aka ɗebi jininta aka ƙara masa.

Kwana shida muka yi. Likita ya ce da an ƙara 'yan awoyi da ƙoda ta taɓu. A rana ta uku, da ya ɗan dawo hayyacinsa, ya ba ni labarin hanyar, robar tana maƙale a jikinsa, leɓɓansa a bushe. Da ya kai ƙarshe sai ya juyo ya dube ni, wallahi da alfahari a idonsa.

“Ban tsaya ba ko sau ɗaya. Zuwa da dawowa. Ya gani da idonsa.”

Na tashi na fita baranda, don in na zauna zan iya kwaɗa masa kofin da ke hannuna.

Sati ɗaya da sallamarmu aka yi sallama a ƙofa. Sabon direban ne, mutum mai furfura jefi-jefi, mai ladabi, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi da Baba Raƙumi. Na so in tsane shi, bai ba ni dalili ba. Ya shigo da kwali ya ajiye: shimfiɗar kujera ta ƙwallayen katako, an wanke ta, buta, tsumman goge gilashi, baƙin tabarau mai ɗaurin waya a ƙafa ɗaya. A ƙasan kwalin ga ledata, gorar ruwa biyu a ciki, ko murfin ba a karya ba. A sama kuma ambulan mai tambarin ofis. Mijina ya dubi ambulan ɗin bai taɓa shi ba. Ya gyara zama ya tambayi baƙon yadda yake fama da hanyar, ya ce in yana so ya kawo takarda ya zana masa mararrabar farko kafin shi ya dawo bakin aiki.

Mutumin ya dubi ambulan, ya dube ni. Sannan ya ciro waya ya latsa ya miƙa masa da hannu biyu. Na leƙa ta kafaɗarsa. Taswira ce, da wani shuɗin layi siriri yana lanƙwasa cikinta.

“Ai an huta, Baba. Ranar da kuka je Yallaɓai ya kunna wayarsa ta ɗauki hanyar tun daga ƙarshen kwalta, ya turo min. Sau uku ke nan ina zuwa, ita ke gaya min dama da hagu. Ya ce layin ya fita tas saboda ba ka tsaya ko'ina ba, ba ka kauce ba. Allah ya saka da alheri.”

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Mijina ya sa yatsa a kan gilashin ya bi layin sannu a hankali. Ya tsaya a wata lanƙwasa ya ce nan ce makarantar. Ya gangara ya ce nan ne rafi na biyu. Yatsan ya daɗe a wurin. Sannan ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, tun yaushe aka ba shi aikin dindindin. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce tun ranar da aka kwantar da Baba za a yi masa aikin farko, ya ɗauka an gaya masa.

Mijina ya mai da masa wayar. Ya yi masa godiya, ya raka shi har ƙofa yana dafa bango, har na ji yana gaya masa in an yi ruwan sama ya riƙe hagu a rafi na biyu, wayar ba za ta san wannan ba. Da ya dawo na buɗe baki na fara kwashe wa Ɗan Marigayi albarka, tun daga majinar da aka goge masa. Ya ɗaga min hannu ya ce ya isa. Ya ɗauki gorunan biyu ya ɗora su a kan kabad, ya ce kada wanda ya taɓa. Ambulan ɗin Auta ce ta buɗe shi bayan kwana biyu, godiya ce layi huɗu da fatan hutu lafiya.

Abin takaicin shi ne ya warke. Ya warke sarai. Cikin sati bakwai ɗigar ta tsaya, sauran audugar na ba wata maƙwabciya mai jinyar tsohuwarta, wanduna suka koma igiyar waje. Ina tsakar gida ina jin ƙarar fitsarinsa a bayi kamar an buɗe famfo, ƙarar da na shekara uku ina roƙon Allah in ji. Yanzu in na ji ta haushi ke kama ni. Ya fito ya wanke hannu, ya zauna a ƙofar gida a kan shimfiɗar ƙwallayen da ya ɗaura wa kujerar roba, ya kalli motocin mutane har rana ta faɗi. Mai shago ya kira shi Baba Raƙumi ya yi kamar bai ji ba, tun daga nan unguwa ta koma ce masa Baba kawai.

Ranar da za mu koma ganin likita na ƙarshe, ina shiri na ga ya miƙa hannu kan kabad ya sauko da gora ɗaya, ya goge mata ƙura da hannun riga, ya sa a jakata. A asibiti aka sa shi ya yi fitsari a wani mazubi mai awo, likita ya dubi takardar da ta fito ya yi dariya, ya ce ko ɗan shekara talatin sai haka. Ya tambaye shi awa nawa yake iya riƙewa, ya ce biyar. Likita ya buga tebur ya ce to ai shi ke nan, yanzu ko ƙarshen ƙasa ya ga dama ya tuƙa ya je. Mijina ya ce ya gode.

A motar haya muka dawo, bas mai cin mutum goma sha takwas, mu a layin da ke bayan direba. Ina ganin ƙafar mijina tana taka birkin da babu shi a kowace kwana. Direban magidanci ne, sai mutsu-mutsu yake a kujera, ga gorar ruwa a gefensa cike bai taɓa ba duk zafin nan. Bayan gadar sama ya kasa, ya gangara gefe ya ba da haƙuri ya fita da gudu bayan wani shago. Motar ta ɗauki ƙunƙuni. Wani mai jaka ya ce su fa suna da abin yi, wata ta ce in ba shi da lafiya ya zauna a gida mana. Da ya dawo yana ta sake ba da haƙuri, kansa a ƙasa, ya ce mai motar ma in ya ji ya tsaya sai ya yi masa faɗa.

Mijina ya sunkuya gaba ya dafa kafaɗarsa, ya nuna masa gorar da ke gefensa.

“Sha ruwanka, ɗana. Ka sha, ka tsaya duk inda ya kama ka. Motar nan ba ta ubanka ba ce.”

Direban ya waiwayo bai san ko zagi ba ne ko nasiha. Mijina ya koma ya jingina, ya zura hannu a jakata ya ciro tasa gorar. Sai da ya murɗa sau biyu murfin ya karye. Ruwan ya ɗumame, ya yi warin roba, tun daga inda nake ina jinsa. Ya kafa kai bai sauke ba sai da ya ga gindinta.